Katin Fadila da Bikin Inna

Kuala Lumpur,
18 ga Agusta.

'Yata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya Innarki, yaya ƙafar tata? Babanki fa, Yaya Sammani, har yanzu yana Batagarawa wajen noma, ko ya leƙo gida? Ki gaishe min da su. Ni lafiya lau, sai karatu da ruwan sama da ba ya ɗaukewa a garin nan. Lokacin da kike tasowa daga aiki ni na yi barci, shi ya sa na ce mu riƙa rubutu ta imel. Dama kin san Gwaggonki, bakina ba ya gajiya, hannuna ma haka.

Na saurari saƙon muryarki har sau biyu. Kin ce kin je bankin da albashinki ke shiga, kina so su saya wa Inna firiza mai sola don ta sayar da ƙanƙara da kunun aya da azumi, ke kuma ki riƙa biya duk wata. Suka duba, suka ce ba ki da tarihi. Na ji ɓacin ranki da kika ce, "Ni da ban taɓa cin bashin ko kwabo ba!"

Ba ke kaɗai ke wannan zaton ba. Mutane da yawa sun ɗauka wanda bai taɓa karɓar bashi ba shi banki ya fi yarda da shi. Ki dubi adashin su Inna. Idan baƙuwa ta tare a Rafindadi ta ce za ta shiga, wace kwasa ake ba ta? Ta ƙarshe. Ba wanda ya ce ɓarauniya ce, ba a dai taɓa ganin zubinta ba. To ke ce baƙuwar nan a wurin banki. Akwai ofisoshin da ke ajiye labarin duk wanda ya karɓi bashi, ta lambar BVN ɗinsa: ya biya, bai biya ba, ya makara. Shafinki fari ne fat, kuma farin shafi ba ya shaidar kowa.

Shawarata ita ce ki nemi katin lamuni. Kada ki haɗa shi da katin ATM ɗinki, ko da yake kamarsu ɗaya. Na ATM kuɗinki yake fitarwa. Na lamuni kuɗin banki ne suke ara miki zuwa wata rana da suka yanke. Na san abin da zai fara zuwa ranki, riba. Bankinku ba na ruwa ba ne, kuɗin hidima suke karɓa a shekara, an faɗa miki tun farko. In hankalinki bai kwanta ba ki kai wa Malam Hussaini na Islamiyyarku takardun ya duba.

In kin karɓa, ki riƙa sayen abin da dama za ki saya ko babu katin, kamar data da gas ɗin girki. Ranar biya ta zo ki biya duka, ba rabi ba. Ki yi haka wata shida, kafin azumi ki koma musu. Ki riƙe wannan: bashin da aka biya a kan lokaci shi ke gina suna.

Ni da babanki 'ya'yan maza ne kawai, amma tun kina firamare kike biyo ni da tambaya har bakin ƙofa. Ki ci gaba, ba na gajiya.

Gwaggonki,
Madina.

*

Rafindadi, Katsina,
12 ga Oktoba.

Gwaggo Madina,

Wa alaikumus salam. Ina wuni, ya karatu, ya baƙunta? Inna na gaishe ki, ƙafa da sauƙi tun da ta daina tsayuwa kan suyar awara. Baba ya zo Juma'a da sabon gero, ya ce in gaya miki wai digiri na nawa ke nan, ko sai kin ƙare duk na duniya.

Gwaggo, kati ya samu! Malam Hussaini ya karanta takardun, ya ce ba laifi muddin ban makara ba. Sun ba ni iyakar naira dubu ɗari da ashirin. Ranar da na ga adadin nan a waya sai da na zauna, don ya fi albashina na ɗakin gwajin jini. Sai na tuna maganarki, na ce wa kaina, "Fadila, ba naki ba ne."

Ranar biya ita ce biyar ga kowane wata. Na Satumba da na Oktoba duk na biya tun albashi bai huce ba. Data da gas kawai nake saya. Wurin mai gas ɗin Ƙofar Ƙaura na fara gwadawa, na tsaya ina kallon na'urar POS ɗinsa kamar mai sata, har ya ce, "Malama, danna mana, ba ya cizo."

Inna ta gan shi a kan madubi, ta juya shi ta juya, ta ce, "Wannan fa na mi ne?" Na ce na banki ne, akwai dubu ɗari da ashirin a ciki. Ta ce, "Ikon Allah! A cikin ɗan abin ga?" Na so in yi mata bayani sai aka yi sallama, maganar ta wuce.

Na leƙa Babbar Kasuwa na sake ganin firizar. Fara ce, mai murfi biyu. Mai shagon har ya gane ni, yana cewa, "Amaryar firiza ta zo."

'Yarki,
Fadila.

*

Rafindadi,
10 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Ina kwana, ya jiki, ya karatu? Mu duk lafiya, sai gajiyar biki. Na gode da ɗan saƙonki na wancan watan, na nuna wa Inna wurin da kika ce "madalla da 'yata."

Kin tuna Hajiya Tasalla, ƙawar Inna ta Sabuwar Unguwa? Jiya aka kai autarta ɗaki. Lokacin auren yayata Asabe, Hajiya ta kawo wa Inna bikin dubu arba'in. Kin san yadda abin yake, ba a mayar da shi yadda ya zo, sai an ninka. Dubu tamanin ke nan. Inna ta sa rai da kuɗin geron Baba, shi kuma ya ce ba zai sayar yanzu ba, farashi ya faɗi. Kwasarta ta adashi kuma sai tsakiyar Disamba.

Ana jibi biki na same ta zaune a bakin gado, ta fito da kayan da za ta sa ta mayar. Ta ce, "Shekara talatin ina biki a garin ga, ba wadda ta taɓa jirana." Can ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ɗan abin nan naki fa mai dubu ɗari da ashirin?"

Gwaggo, me zan ce? Na shiga ɗaki na sake karanta wasiƙarki ta farko, na kai wurin da kika ce bashin da aka biya a kan lokaci shi ke gina suna. Na ce to ai shi ke nan, biki ma bashi ne, kuma lokacinsa ya yi. Na je wurin mai POS na ciro dubu tamanin da katin. An caje ni kuɗin cirewa da ban yi zato ba, amma da kin ga fuskar Inna da ta miƙa wa Hajiya a gaban mata, da kin ce ya biya. Har guɗa aka yi.

Da muka dawo na ce, "Inna, yaushe za a mayar da kuɗin?" Ta ce, "Wane irin mayarwa? Ranar aurenki Hajiya za ta kawo dubu ɗari da sittin, kin ga kin ci riba." Na ce banki fa? Ta ce, "Ki ce masu su yi haƙuri, Allah na kawo miji."

Na yi dariya, amma ban da daɗi sosai. Albashin Nuwamba zai rufe, ko da zan yi wata guda ina tafiya aiki a ƙasa. Na yi daidai ko?

'Yarki,
Fadila.

*

Rafindadi,
26 ga Nuwamba.

Gwaggo Madina,

Ina wuni. Ina fatan kina lafiya.

Na ji shiru. Ba ki taɓa wuce kwana biyu ba ki amsa min ba, yanzu ga shi mako biyu ya wuce. Na san fushi kika yi, shi ya sa ma na kasa kira. Ki yi haƙuri.

Abin ya ƙara cakuɗewa. Mai asibitinmu ya tara mu ya ce kamfanin da ke biyan kuɗin marasa lafiya bai biya shi ba, albashi sai wajen ashirin ga Disamba. Ranar biyana kuwa biyar ga wata. Abin da ke hannuna bai kai dubu goma sha biyar ba.

Ban gaya wa Inna ba. Har yanzu tana cikin daɗin bikin, duk wadda ta shigo sai ta ba ta labari. Yaya zan ce mata abin nan da ya fitar da ita kunya shi zai ɓata min suna, ya kuma hana ta firiza?

Wata abokiyar aikina ta nuna min manhajar waya da ke ba da rance cikin minti biyar, ba shaida ba komai. Na sauke ta, ban dai danna ba tukuna. In na ci a can na biya katin, ai banki ba zai sani ba.

Ko faɗa ne ki yi min, Gwaggo, ya fi shirun nan.

Fadila.

*

Kuala Lumpur,
29 ga Nuwamba.

'Yata, 'yata,

Assalamu alaikum. Fushin me? Zazzaɓin sauro irin na ƙasar nan ne ya kwantar da ni a asibiti, ko ido ba na iya buɗewa a kan waya. Jiya aka sallame ni, alhamdu lillahi, sai rashin ƙarfi. Kada ki gaya wa babanki, zai ce dama ya faɗa. Wasiƙunki biyu na tarar, na karanta ta farko ina dariya har haƙarƙarina na ciwo, na karanta ta biyu dariyar ta tsaya.

Kafin komai, ki goge manhajar nan yanzu, ki dawo ki ƙarasa karatu. Irinsu ruwa suke ɗorawa mai nauyi, kuma da yawansu kan kwashe lambobin da ke wayarki. Ki makara kwana kaɗan, sai saƙo ya je wa Malam Hussaini da Hajiya Tasalla da mai asibitinku cewa kin gudu da kuɗi. Kin goge? Yawwa.

Maganata da kika karanta, ban nufi abin da kika ɗauka ba, amma na ga yadda aka yi kika ɗauka haka. Da na ƙara layi ɗaya: kada ki ci bashi mai rana don ki biya bashi marar rana. Biki bashi ne, gaskiyarki. Amma Hajiya Tasalla ta jira shekara nawa kafin a mayar mata, kuma Inna za ta jira har aurenki ba wanda zai ce uffan. Shi kati ba ya jira. Bai san ki ba, bai san Inna ba, biyar ga wata kawai ya sani. Taimakon uwa kuwa ba kuskure ba ne, kuma ban taɓa jin na fi alfahari da ke ba. Hanyar ce ta karkace.

Yanzu ki saurare ni. Zan iya turo miki kuɗin, kuma in uku ga wata ta yi ba ki samu mafita ba, ki faɗa min zan turo, ba sai kin roƙa ba. Amma ina so ki fara gaya wa Inna. Kin ce mata akwai kuɗi a cikin kati, ita kuma ta ɗauka naki ne. Innarki, Yaya Furera da na sani, da ta san aro ne, da ta gwammace ta sayar da zannuwanta. Kuma in ba ta gane yau ba, gobe wani sunan zai taso ta sake cewa "ɗan abin nan naki fa," ke kuma ba za ki iya cewa a'a ba.

Kada ki je mata da BVN da su tarihi. Ki ce mata banki wata ƙawa ce da ta kawo miki biki, ta sa ranar nata bikin biyar ga wata, kuma ƙawar nan bakinta ba ya shiru: in kin makara sai duk gidajen garin sun ji. Daga nan ki yi shiru ki bar ta.

Ki rubuto min, ina nan manne da waya.

Gwaggonki,
Madina.

*

Rafindadi,
6 ga Disamba.

Gwaggona,

Sannu, sannu da jiki! Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ina nan ina zargin fushi ashe kina kwance. Na ji kunya. Baba bai ji ba, amma Inna ta ji, ta ce a gaya miki ki sha kunun kanwa in ana samu a can.

Na goge manhajar. Na kuma gaya wa Inna ranar Lahadi da hantsi, tana tsince aya a faifai. Na faɗa yadda kika ce, kalma ba ta canza ba. Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Kuɗin da na miƙa wa Tasalla a gaban mata, na aro ne?" Na ce na aro ne. Ta ce, "Kuma sunanki ne za a kai gida gida?" Na ce nawa ne. Ta ajiye faifan. Sai ta ce, "Ke kuwa mi ya hana ki hwaɗa tun ran nan? Kin mai da ni mai guɗa da kuɗin mutane." Gwaggo, wannan maganar ta fi mari zafi. Na yi kuka, ita ma ta share ido da gefen ɗankwali.

Ta tashi ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Gidan Maman Aaron muka shiga, Anti Ruth maƙwabciyarmu, wadda suke adashi ɗaya da Inna. Lokacin ta dawo daga coci, ko takalmi ba ta cire ba. Kwasar makon nan tata ce, ta Inna kuma ta tsakiyar wata. Bayan an gaisa Inna ta ce, "Ruth, musanya na zo nema. Ki ba ni taki, ki ɗauki tawa."

Anti Ruth ta ce, "Furera, kin san da kuɗin nan zan sayi kayan Kirsimeti, mu tafi Kagoro. Komai zai ƙara tsada kafin nan."  Ta dube ni ta ga idona, ta ce, "Ke me kika yi, likitar jini?" Inna ta ce, "Ba ita ta yi ba, ni ce." Anti Ruth ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da wata ce da na ce a'a. Amma tun Aaron yana goye muke zubi da ke, ba a taɓa aiko miki neman zubi ba. Ɗauki. Sai dai fa in firizar nan ta zo, ƙanƙarata kyauta ce har Ista." Inna ta ce, "Har Ista dai? Ke ba ki da tausayi."

Ranar Alhamis uwar adashi ta kawo kuɗin, na haɗa da na hannuna na kai banki da kaina, ana gobe ranar biya. Da saƙo ya shigo cewa babu saura, sai da na nuna wa mai gadin bankin.

Kwasar nan da ita Inna ta so ta sari aya da sukari na azumi. Mun yi magana, zan mayar mata daga albashin Disamba da na Janairu. Anti Ruth kuma na ce mata ni zan biya bambancin in shinkafa ta tashi, ta ce in rufe mata baki.

Katin yanzu yana cikin kwallar Inna, ƙarƙashin turarenta. In zan sayi gas sai na je na karɓa, sai ta ce, "Nawa za ki ci wa ƙawar taki?" Yau da safe ma ta tambaye ni, "Bikinta na gaba yaushe ne?"

'Yarki,
Fadila.

*

Kuala Lumpur,
8 ga Disamba.

'Yata Fadila,

Jiki ya yi kyau, yau har na fita na sayi ayaba da ƙafata. Ki yi wa Inna godiya, kanwa dai babu. Ki gaishe min da Ruth, ki ce mata ƙanƙarar Ista tana wuyana ni ma.

Na ajiye kuɗin da na ware miki, za su zama na ankon aurenki, tunda Inna ta riga ta yi wa banki alkawarin miji.

Saura wata biyu. Data da gas, ba ƙari. Amma akwai abin da nake so ki yi da hannunki, kada ki tsaya ga maganata. Bayan biyan Janairu, ki tambayi bankinku yadda za ki nemi rahoton tarihinki daga ofisoshin nan da na gaya miki. Haƙƙinki ne ki gani. Ki buɗe shi, ki duba shafin nan da ya kasance fari fat a watan Agusta, ki nemi layin Disamba. Ki karanta wa Inna shi da ƙarfi, don nata ne.

Ranar da za ki koma musu kan maganar firiza kuwa, ki tafi da ita. Ta ce ƙawarki ce, ai ya kamata su gaisa.

Gwaggonki,
Madina.